Matar da Ta Hau Alfadari

Sama da shekara arba'in mabuɗin ɗakin ibadar Mar Iliyas yana rataye a wuyana, kamar yadda ya rataya a wuyan mahaifina da na kakana. Ɗakin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. In mutum ashirin suka shiga, na ashirin da ɗaya sai dai ya tsaya a bakin ƙofa. Rabinsa kogo ne, rabinsa gini, can a ƙwanƙolin dutsen da ke saman ƙauyenmu Ain Tarfa, a tsaunukan Lebanon. Amma duk ashirin ga watan Yuli, ranar idin Annabi Iliya, wato Mar Iliyas ɗin, sai ka rasa inda za ka sa ƙafa. Namu Kiristoci suna hawowa, Musulmin kwarin Biƙa suna hawowa, Duruzawa masu nasu addinin daban ma haka, kowa da kyandir ɗinsa da damuwarsa.

Labari huɗu nake ba masu ziyara. Uku na gada daga mahaifina. Na farko na mai zuhudun da ya zauna a kogon tun kafin a yi gini, wanda akuyar makiyaya ta gano, kullum tana komawa gida hantsarta a tatse. Na biyu na ƙararrawar da kakanninmu suka binne shekara tara don kada Turkawa su narkar da ita. Na uku na alkamar da aka ɓoye a ƙarƙashin bagade a shekarar fāra da yunwa, wadda ta riƙe gida goma sha ɗaya har damina. Mahaifina ba ya ƙari. In ka ce masa, "To sai me ya faru?" sai ya ce, "Ban sani ba, ba na wurin." Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, kuma ina jin daɗin a zagaye ni ana saurare.

Labari na huɗu ni na ƙaga shi da bakina, a shekarar 1968, kuma shi ya cinye yayata Takla.

A lokacin babu hanyar mota. Akwai wani mutumin ƙauyenmu, Dib, mai alfadarai uku, shi yake hawo da tsofaffi da masu ƙiba da masu son jiki har bakin ƙofar ɗakin. Shekarar mahaifina ya rasu, idin farko ke nan da na riƙe mabuɗi, ina ɗan shekara ashirin da bakwai, ina ji da kaina. Na fito daga kunna fitilu da safe sai na tarar da alfadarin Dib ya kafa baki a kurangar inabin da mahaifina ya dasa da hannunsa, ya cinye rabinta, ya kuma sauke kashi a tsakar farfajiya.

Na ce, "Kai Dib! Wannan dabbar taka ziyara ta zo ko kiwo?"

Ya ce, "Ita ma halittar Allah ce, Sarkis. Ko waliyyin ne ya aiko ka ka ce ba ya son alfadarai? Koma ciki ka sake tambayarsa, muna jira."

Matan da ke tuƙa harisa, faten alkama da naman da ake rabawa ranar idi, suka kwashe da dariya. Yaya Takla tana cikinsu, da muciya a hannu.

Dib bai bar ni haka ba. Ya juya wajen matan ya ce, "Jiya-jiya aka rataya wa yaro mabuɗi, yau ya ɗauka shi ne Paparoma."

Raina ya yi mummunan ɓaci. A daidai lokacin wata mata mai jiki, 'yar garin Zahle, tana saukowa daga bayan alfadarin, tana gaya wa wata cewa bakance ta zo cikawa saboda ɗanta ya tashi daga zazzaɓi. Sai kawai na ji bakina ya buɗe. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce ai ba yau aka fara ba. A zamanin kakan kakana, wata mata ta yi bakance cewa in ɗanta ya tsira daga agana, za ta riƙa hawowa nan da ƙafarta, ba takalmi, duk shekara. Yaro ya warke. Shekarar farko ta hawo, ta biyu ta hawo. Ta uku ta ce ai waliyyi ba ya duba ƙafa, zuciya yake dubawa, ta hau alfadari. Tana saukowa, a lanƙwasa ta bakwai ta hanyar dutsen, kofaton alfadarin ya nutse a cikin dutse, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Daga nan ta jiyo kururuwa daga ƙauye. Ɗan nata ne ya faɗa rijiya.

Na ƙare da cewa, "Mar Iliyas yana bayarwa, amma in ka yi masa wayo sai ya karɓe abinsa. Wanda bai yarda ba ya duba lanƙwasa ta bakwai, sawun kofaton yana nan."

Akwai wani rami a dutsen wurin, ruwan sama ya ƙwaƙule shi, tun muna yara muke zuba wa karnuka ruwa a ciki.

Matar nan ta Zahle ta fashe da kuka. Ta cire takalmanta, ta gangara har gindin dutse, ta sake hawowa da ƙafa, sai la'asar ta iso. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Kafin shekara uku ba wanda ke hawan alfadari ranar idi, sai masu kaya. Dib ya sayar da dabbobinsa ya tafi dako a tashar jiragen ruwa ta Beirut, can ya mutu. Ban taɓa neman gafararsa ba.

Labarin ya fi ƙarfina nan da nan. Mata suka fara ɗiga man zaitun a ramin suna shafawa a goshin 'ya'yansu. Wani malamin jami'a ya zo da rikoda, na ba shi labarin har da ƙarin gishiri, ya buga a littafi ya ce ya kai shekara ɗari uku. Masu ziyara kuma in na fara labarin ƙararrawa sai su ce, "A'a, na matar nan muke so." Ina ba su, in sassauta murya a wurin rijiyar, ina kallon yadda uwaye suke jawo 'ya'yansu jiki. Ba zan yi ƙarya ba, ina jin daɗin ganin haka.

A shekarar 1983, da yaƙin basasa ya hawo tsaunuka, aka sauke Shakib daga mota a wani shingen 'yan bindiga aka tafi da shi. Shakib shi ne ɗan Yaya Takla, shi kaɗai gare ta, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa. Wata huɗu ba labari. Ta hawo dutsen cikin sanyi, ta kama ƙarfen ƙofa, ta yi bakance a gabana: in Shakib ya dawo da rai, za ta hawo ba takalmi duk ranar idi har ƙarshen ranta. Bayan kwana goma sha tara ya dawo, ya rame kamar tsinke, haƙora biyu babu. Da ya murmure ta tura shi Ostireliya da hannunta, ta ce gara ta yi kewarsa da ta yi makokinsa.

Shekara ashirin da biyar tana hawa, ba ta fasa ko sau ɗaya ba. An yi hanyar mota har kusa da farfajiya, ita ko kallon hanyar ba ta yi.

Sai ciwon suga ya kama ta. Zuwa 2009 tana da shekara saba'in da biyu, ƙafafunta sun mutu, ko allura ka caka mata ba ta ji. Likita ya ce ko a tsakar ɗaki kada ta taka ƙasa ba takalmi. Ana saura mako biyu idi Shakib ya kira ni daga Sidni.

Ya ce, "Kawu, don girman Allah ka hana ta. Ni ba ta jin maganata, cewa take na zama Bature. Ga ni nan lafiya lau, tumbi har ya hana ni ganin ƙafata. Me kuma ake nema?"

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, abin a hannuna yake. Haka na zata.

Na fara zuwa wurin limamin cocinmu, Abuna Ni'imatallah, matashi ne mai kirki. A ƙa'ida yana da ikon sauya wa mutum bakance in ya fi ƙarfinsa. Na zauna na gaya masa gaskiya tun daga kashin alfadari har ƙarshe. Ya miƙa hannu ya ɗauko littafin malamin nan daga kanta.

Ya ce, "Amma Baffa Sarkis, ai yana cikin littafi."

Na ce, "Abuna, ni na sa shi a littafin! Ni ne shekara ɗari ukun!"

Ya ce shi ma a bakin kakarsa ya fara ji, ita kuwa ta rantse a bakin tata kakar ta ji. Na kusa fizge littafin in maka masa a ka. Amma dai ya yarda ya bi ni gidan Yaya.

Mun same ta a ƙarƙashin ɓaure tana tsinke wake. Ta sa aka kawo gahawa. Abuna ya yi mata bayani a hankali, ya ce coci ta sauke mata nauyin, daga bana ta riƙa kai man fitila na shekara a maimakon hawa, kuma shi da kansa zai kai ta a motarsa.

Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Abuna. Amma lokacin da na yi alkawarin ba ka wurin, kana makaranta da gajeren wando. Da wanda na yi da shi zan warware."

Na ce, "Yaya, saurare ni. Labarin matar nan ƙarya ne. Ba wata mata, ba wata rijiya. Ni na ƙaga shi don in ƙuntata wa Dib. Na rantse da kabarin mahaifinmu."

Ta ɗago ta kalle ni, ba mamaki a fuskarta, ba fushi. Ta ce, "Na ji. Sha gahawarka kafin ta huce."

Na koma washegari, na koma jibi. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce zan kulle ɗakin ranar idin in jefa mabuɗin a kwari. Ta ce in kulle, ita ƙofar ta yi wa alkawari, ba cikin ɗakin ba.

Ranar idi na ba ɗan ƙanina mabuɗi ya hau ya buɗe, ni na tsaya a gindin dutse. Gari na wayewa ta iso da baƙar rigarta da sandarta. Ta zauna a kan dutse ta cire takalma, ta ɗaure su da igiyarsu ta miƙo mini.

Ta ce, "Tunda ka zo, riƙe. Kuma kada ka kama mini hannu, ba makauniya ba ce ni."

Hawan da mai lafiya ke yi a sa'a ɗaya da rabi, sa'a bakwai ya ɗauke ta. Da a ce da saurin da take da shi a da ne, da ta isa kafin rana ta yi zafi. Amma tana taku goma ta tsaya ta huta, har hantsi ya dubi duwatsun. Farin dutsenmu in ranar Yuli ta doke shi, ko ta cikin takalmi kana jin zafinsa. Ita ba ta ji. Tana takawa kamar a kan darduma, bakinta yana motsi da addu'a. Mutane suna wuce mu suna cewa, "Allah ya karɓa, Umm Shakib," wasu mata har suna sumbatar kafaɗarta.

Ina bayanta, don haka ni na fara ganin jinin. Da farko ɗigo ne nan da can. Daga baya sawu cikakke, yatsu biyar da dunduniya, a kan kowane dutse.

Na ce, "Yaya, ƙafarki ta fashe. Don Allah tsaya."

Ta ce, "Ban ji komai ba."

"Ai shi ne abin! Ba kya ji!"

"To ka ga sauƙi ke nan. Matsa mini."

A lanƙwasa ta bakwai mata sun taru a kan ramin suna ɗiga mai, wata yarinya mai goyo tana ba ƙawarta labarin, har da sunan yaron da ya faɗa rijiya, sunan da ni ban taɓa ba shi ba. Na daka musu tsawa na ce ramin karnuka ne, su tashi su ba mutane wuri. Suka dube ni da tausayi, na ji ɗaya tana raɗa cewa rana ta taɓa tsohon.

Da azahar ta kama ƙarfen ƙofa, ta sumbace shi, ta zauna. Na kawo ruwa a kwano na ɗaga ƙafarta. Fatar tafin ta saɓule kamar bawon dafaffen dankali, ga tsakuwa ta shige cikin naman. Na wanke ina kuka a gaban jama'a, ita kuwa tana tambaya ko harisar bana ta yi gishiri.

Ƙafar hagu ta warke da kyar. Ta dama ta yi baƙi. A watan Satumba aka yanke ta daga ƙasan gwiwa a wani asibiti a birni.

Kwana biyu bayan aikin na shiga na same ta ita kaɗai, an jingina ta da matashi. Na zauna na kasa haɗa ido da ita. Can na ce, "Me ya sa ba ki yarda da ni ba? Na rantse miki da kabarin Baba."

Ta ce, "Wa ya ce ban yarda ba?"

Na ɗago kai.

Ta ce, "Sarkis, ina wurin fa, da muciya a hannuna. Ni na goye ka. Tun kana ƙarami in za ka yi ƙarya kunnenka na hagu yake ja, ranar kuwa har sheƙi yake. Na san ramin karnuka ne. Har dariya na yi a raina, na ce yau Dib ya gamu da daidai shi."

"To don me, Yaya? Don me?"

Ta ce, "Don ka riga ka faɗa. Ranar da na yi bakancen Shakib, ina riƙe da ƙarfen ƙofar nan, ba abin da ke kaina sai rijiyar. Na san ƙarya ce. Amma duk shekara sai in ce, in na fasa, wani abu ya same shi a can, ko da mota ce ta buge shi, da wane ido zan kalli kaina? Kai namiji ne, ka faɗi abinka ka wuce. Mu muka kwashe."

Na riƙe hannunta har ta yi barci.

Ta dawo gida a keken guragu. Shakib ya zo ya yi wata ɗaya ya koma. Da sanyi ya wuce, Yuli ya fara matsowa, sai na ga ta daina cin abinci sosai. Ta sa an matso mata da tarho kusa da gado. In ya yi ƙara sai ta zabura, ta ƙi ɗauka, ta ce a fara jin ko waye. Na ce zan kai ta a mota, ta ce mota da alfadari duk ɗaya ne. Na ce ni zan hau mata ba takalmi, ta ce matar labarin ma ai tana da ƙanne, kuma ba su hana ɗanta faɗawa rijiya ba.

Ana saura kwana uku idi na je da yamma. Ta kori jikar maƙwabta da ke mata aiki, ta ce in ja kujera kusa.

Ta ce, "Kai da ka iya, ƙaga mini wani."

"Wani me?"

"Wani labarin. Wata mata da ta yi bakance, aka yanke mata ƙafa, ta kasa hawa, kuma ba abin da ya sami ɗanta. Yi shi yadda ka yi wancan. Zan rufe ido, ba zan kalli kunnenka ba."

Ta rufe ido kuwa, ta haɗa hannaye a ƙirji kamar yarinya.

Na tattaro duk abin da Allah ya ba ni. Na ce a shekarar yunwa an yi wata gurguwa a ƙauyen nan, ranar idi ta zauna a ƙofar gidanta tana kuka, sai ga wani tsoho da farin gemu ya gangaro daga dutse, ƙafafunsa duk ƙura, ya ce mata, "Shekara da shekaru kina hawowa wurina, yau ni na sauko." Na ce ɗanta ya rayu har ya ga jikokin jikokinsa. Na sa sunaye, na sa shekara, na sassauta murya a inda ya kamata. A rayuwata ban taɓa ba da labari da kyau kamar ranar ba.

Na gama. Ta daɗe idonta a rufe. Sannan ta buɗe, ta ɗan yi murmushi, ta dafa gwiwata.

Ta ce, "Ya yi daɗi, ƙanina. Amma bai shiga ba."

Na ce bari in sake wani.

Ta ce, "Bar shi. Wancan da fushi ka yi shi, shi ya sa ya kama. Miƙo mini tarhon nan kusa."

Ranar idin ban hau ba. Na zauna tare da ita tun safe, muna jiyo ƙararrawa daga saman dutse, hannunta a kan tarho har rana ta faɗi. Ba abin da ya sami Shakib a ranar, ba abin da ya same shi a shekarar, yau ma yana nan da ransa da tumbinsa. Amma ita ba ta sake sakin jiki ba ko na yini ɗaya. Wata bakwai ta ƙara a duniya, kullum tana jiran a kira ta a gaya mata, kuma a kan wannan jiran ta rasu.